Bencin Bayan Mota

Ni na kawo labarin. Wannan kam ko ƙanena, da ya iya karɓe abin mutum yana murmushi, bai taɓa musawa ba. Wani abokin aikina ne a firamaren Karaye ya je kwas Kaduna, ya dawo yana zuba mana labari a gindin darbejiya lokacin tashin tara. Ya ce a wani bariki can an ware fili an jera tsofaffin motocin soja, tun na yaƙin Turawa har na basasar da aka gama shekara uku kafin nan: masu sulke, da masu jan igwa, da manya na ɗaukar kurata, kowacce da ɗan allo a gabanta. A Zariya kuma, in ji shi, wajen da ake koya wa samari tuƙin jirgin sama, akwai tsofaffin jirage da aka daina tashi da su, in kana da takardar izini har ciki za a bar ka ka leƙa. Sauran malamai suka ce ikon Allah, suka koma hirar ƙwallo. Ni kuwa ƙosan hannuna ma ban ƙarasa ba, don Baba ne ya faɗo mini a rai.

Baba direban soja ne a yaƙin Bama. Da aka sallame su ya dawo Yammedi ya rungumi fartanya, gero da dawa da gyaɗa, bai sake taɓa sitiyari ba. Amma bakinsa bai sauka daga mota ba. Akwai wata da yake kira mai guntun hanci, wadda ya ce ya ratsa taɓo har ƙugu da ita ba ta taɓa ba shi kunya ba. Duk Yammedi an san mai guntun hanci, kamar wata 'yar garin da aka kai aure nesa. A shekarar da nake magana ciwon yanar ido ya fara cin idonsa. Na hagu ya riga ya yi fari, na dama ne kawai ke aiki.

Sai dai ni ɗan fari ne, a gida irin namu da ba a wasa da kunya. Ana yaye ni aka miƙa ni ga Gwaggo, yayar Baba, a Karaye. A hannunta na tashi, har na yi aure tana tare da ni. Baba bai taɓa kiran sunana ba. "Wancan" ne, in ransa ya yi fari kuma "mutumin Karaye". In na je gaishe shi nakan tsuguna daga bakin zaure in jero gaisuwa har ta ƙare, shi kuma ya amsa wa bango da "lafiya lau". In ina da magana sai in faɗa wa wani a gabansa, in yana da amsa ya faɗa wa wannan wanin. Na san ba ƙiyayya ba ce. Kowa ya gaya mini ba ƙiyayya ba ce, ni kaina a lokacin ba na kiran sunan nawa ɗan farin. Amma sanin bai taɓa rage mini abin da nake ji ba in na ga yadda Baba yake da autanmu, ƙanen nan nawa.

Autan nan ya gudu ya shiga soja da basasa ta ɓarke, ba sallama, uwarmu ta yi kuka har ta kwanta. Ya dawo da ƙafafunsa biyu da sana'ar kanikanci, ya buɗe gareji a Rogo, ya sayi wata tsohuwar a-kori-kura yana jigilar gyaɗa. Ni da na zauna na yi karatu, na fito da takardar malanta, na riƙe Gwaggo, ni ne wancan. Shi da ya gudu, shi ne "Kurtu". Haka Baba ke kiransa, da tsokana, shi kuma ya ƙame ya sara masa, su fashe da dariya. Kwano ɗaya suke ci. Sai su kwashe daga azahar zuwa la'asar suna gardama a kan kafireto, ko a kan sauya hannun tuƙi da aka yi a bara, wanda Baba ya ce haukan 'yan zamani ne, har ya kai masa duka a kafaɗa. Ni ko sunan tsokana ban samu ba, balle dukan kafaɗa. Kishinsa nake yi, tun yana goye nake yi, kuma ba zan nemo wa abin wani suna mai daɗi ba don na tsufa.

Ranar Juma'a bayan an sauko na hau keke zuwa Yammedi, na tarar da su a zaure kamar yadda na zata. Na gaisa, na samu gefen ƙofa na zauna, na fuskanci ƙanena na ba shi labarin filin nan na Kaduna, ina ɗan ɗaga murya. Da gangan na ajiye zancen manyan motocin a ƙarshe. Carbin Baba ya tsaya.

"Kurtu," ya ce, "a cikinsu akwai mai guntun hanci?"

Ƙanena ya dube ni. Na ce masa wanda ya gani ya ce akwai wata mai gajeriyar gaba, injinta kusan a ƙarƙashin direba.

"An ce akwai, Baba."

"Ita ce. Wallahi ita ce." Ya gyara zama a kan buzu. "Kurtu, yau ka kawo labari. Motarka za ta kai Kaduna?"

"Har Ikko ma."

"To ka kai ni in gan ta tun idon nan yana gani."

Ina zaune, taku huɗu tsakaninmu. Wai yau Kurtu ya kawo labari. Na koma Karaye ina taka keken nan kamar shi ya yi mini laifi.

Amma kafin in isa gida na riga na hango dama. Ƙanena ya iya tuƙi, ya iya kwance inji ido rufe, amma ka ba shi takarda da biro sai gumi. Tafiya irin wannan kuwa sai da takarda, ba a shiga bariki da salamu alaikum. Dole su buƙace ni, in sun buƙace ni kuma dole a tafi da ni. A-kori-kura kujera ɗaya gare ta, ta gaba, mai cin mutum uku. Direba a wurinsa, Baba a bakin ƙofa don ya sha iska, tsakiya ta rage. Tun daga Yammedi har Kaduna kafaɗata a jikin ta Baba, zuwa da dawowa. Ba sai ya yi mini magana ba. Ya yi ta hirarsa da Kurtu ta gaban hancina, na yarda. Wannan tsakiyar ita ce duk abin da nake so a tafiyar, motocin yaƙi ba su dame ni ba.

Na rubuta wasiƙa biyu da Turanci, ɗaya barikin Kaduna ɗaya Zariya, sai da na yayyaga sau biyar kafin su yi mini. Na bayyana cewa mahaifinmu tsohon soja ne, na sa lambarsa da na aiki ƙanena ya kwafo daga takardar sallama, na roƙi a ba mu rana cikin hutun makaranta na bazara. Na ari littafin taswira na ajinmu na kwafe hanya a kan babbar takarda. Na sa jan biro a inda za a sha mai, shuɗi a inda akwai masallaci a bakin hanya. Na je tasha na tambayi direbobin gyaɗa wane rafi ne ke cin mota. Suka ce Malam, da tsoho a mota gara ku zagaya ku bi kwalta, burjin nan na Rogo da ya bi ta wajen Gwangwan a takarda ne yake da kusa, amma sai ya cinye muku rabin yini da gargada. Na gode musu, na koma gida na zana burjin. Rabin yini ai ƙari ne a wurina, gargada kuwa ita ke haɗa kafaɗa da kafaɗa.

Na aika wa wani da muka yi kwaleji tare, yana koyarwa a Zariya, ya tanadar mana ɗaki. Jirage ranar farko da yamma, don hasken rana ba ya yi wa idon Baba daɗi. Motoci rana ta biyu da hantsi. Ta uku mu juyo. Har yawan zabin da Gwaggo za ta soya na rubuta. Kuma, Allah ya yafe mini, wata Asabar na je Rogo da rular makaranta a cikin hannun riga, na jira ƙanena ya shiga ƙarƙashin wata mota, na auna kujerar. Ta isa. Giyar ma a jikin sitiyari take, ba abin da zai tokare wa na tsakiya gwiwa.

Ƙanena ya kai wa Baba takardar tsarin, ina bakin ƙofa. Ya karanta ta yana tuntuɓe, taswirar ma a juye ya fara riƙe ta. Baba na ta gyaɗa kai. Da aka zo wurin jirage da yamma saboda ido, ya ce, "Ka ji ko. Yaron nan akwai lura. Soja ke nan, ba ya tashi sai da tsari." Ƙanena, don a yi masa adalci, ya ce, "Ai Yaya ne ya..." Baba ya yi tari, ya tambaye shi ko ya duba lagireto. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na haɗiye, na ce a raina ba komai, tsakiya dai tawa ce.

Amsar Zariya ta zo da wuri, sun ce mu zo duk ranar aiki da muka ga dama. Ta Kaduna ce ta yi nauyi. Saura mako biyu a yi hutu na sake zuwa Rogo ranar kasuwa, wai in duba ko an sauya tayar da na ce a sauya. Na tarar da kafinta a bayan a-kori-kura yana kafa benci, mai wurin jingina, har da ƙarfe biyu na ɗaura tamfol. Ƙanena na gefe, hannu duk baƙin mai, yana shan rake.

"Wannan fa?" na tambaye shi.

"Baba ya ce a kafa. Ya ce gaba mutum biyu za ta ɗauka."

"Tana ɗaukar uku."

"Na gaya masa. Ya ce biyu."

Ya furzar da tuka ya koma wajen wani mai babur da ke jiransa. Ban tambaye shi wa zai zauna a kan bencin ba. Me zan tambaya? Mu uku ne, ɗaya direba, ɗaya tsoho mai ciwon ido. Ko ɗan aji ɗaya zai fitar da wannan. Na tsaya ina kallon katakon nan ina ganin kaina a kai, ni da safaya taya da galan ɗin mai da kwandon zabi, mu ratsa tsakiyar Karaye ɗalibaina na ɗaga mini hannu. Su biyu kuma a ciki, ina hango ƙeyarsu ta gilashi suna dariya, har Kaduna, a kan burjin da ni na zaɓa da hannuna. Kafintan ya ce, "Malam, hau ka gwada mana." Na ce masa wanda ya sa shi aiki ya hau.

Bayan kwana huɗu wasiƙar Kaduna ta iso cikin jakar wasiƙun makaranta, ambulan mai ruwan ƙasa. Wani hafsa ya sa hannu. Ya ce suna maraba da tsohon soja, ya ba mu Laraba ta makon farko na hutu, ƙarfe goma, mu nuna takardar a bakin ƙofa. Daidai abin da na roƙa. Na karanta ta sau uku a tsaye, na ninke na sa a aljihu, na koma aji na yi wa yara tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Da na je gida na ɗaga katifa na tura ta.

Ban ce ba za a yi tafiyar ba, ko a zuciyata. Cewa na yi bari su ɗan jira. Bari Kurtu, mai lura, mai tsari, ya shigar da ubansa bariki da sufanarsa ta kwance inji. Bari a neme ni. Ina jin abin da nake jira shi ne Gwaggo ta zo ta ce mini, an ce ka ƙara rubutawa, an ce kai kaɗai ka iya. Ko da "wancan" aka faɗa zan karɓa hannu biyu.

Ba a aiko ba. Hutu ya zo. Ƙanena ya biyo ta Karaye ranar Litinin, mota a wanke tas, ya tambaya daga kan sitiyari, "Yaya, shiru?" Na ce shiru, ka san sha'anin ofis. Ya ce Allah ya sa mu ji alheri, ya wuce. Gwaggo ta je suna Yammedi ta dawo da labari, tana ba matata a tsakar gida ina ji daga ɗaki. Baba ya fito da tsohon kakinsa daga akwatin ƙarfe, ya sa an wanke an yi masa guga, ya goge lambobinsa da toka da lemon tsami. Kullum da hantsi yana bakin zaure, in ya ji ƙarar mota daga nesa sai ya miƙe. Na ce a raina ai Kurtunsa yake jira, ba ni ba. Laraba ta zo, ƙarfe goma ta same ni a kwance a kan katifar ina kallon azara. Haka ranar ta wuce.

Saura kwana biyu a koma makaranta ƙanena ya kawo wa Gwaggo buhun dawa. Bencin na nan a bayan motar, buhun a ƙarƙashinsa. Muka zauna a dakalin ƙofar gidana, matata ta miƙo mana fura. Na kasa yin shiru, na ce, "Ka cire katakon nan mana, yana cinye maka wurin kaya."

"Baba ya hana. Jiya ma ya sa na tsaya ya hau, wai yana gwada ko zai iya ba a kama shi ba."

"Ya hau ina?"

"Bencinsa mana."

Na ajiye ludayi. Shi kuwa ya ci gaba da shan furarsa, don a wurinsa ba labari ba ne. Ya ce tun ranar da ya karanta takardar tsarin, bayan na tafi, Baba ya ce masa gaba mutum biyu. Shi kuma ya ce, to Yaya ya zauna baya ke nan? Baba ya ce, "Kai ba ka da hankali? A ɗora malami a bayan mota kamar buhu, a bi da shi ta gaban makarantarsa? Mai takarda shi ke zama gaba, shi zai yi magana da masu gadi. Ni na yi shekaru ina jijjiga 'ya'yan mutane a baya, bari in ɗanɗana." Ƙanena ya ce to ku zauna ku biyu a gaba mana, wuri ya isa. Baba ya ɗauki takalmi zai jefe shi, wai shi ba marar kunya ba ne.

"Ai na ɗauka ka sani," in ji shi.

"Ka gaya mini ne?"

"Ka tambaye ni?"

Na so in rufe shi da faɗa, in ce shi ya jawo komai da nauyin bakinsa. Amma wane komai? A saninsa ba abin da ya faru, Kaduna ce ta yi shiru. Na dubi bencin. Tsakiyar da na auna da rula dama ba zan taɓa samunta ba, wannan ya tabbata. Amma tsohon nan mai ido ɗaya ya yarda ya sha rana da jijjigar burji har Kaduna don kada yara su ga malaminsu a baya. Kuma wannan maganar, mafi tsawo da Baba ya taɓa yi a kaina, Kurtu aka gaya wa. Shi ya ji ta da kunnensa, ya riƙe ta fiye da wata guda bai ga ta kai a faɗa ba. Ko a nan sai da na ji haushinsa.

A ranar na sake rubuta wa Kaduna. Na yi ƙarya na ce rashin lafiya ce ta hana mu zuwa, na roƙi wata rana, na kai gidan waya da kaina. Bayan mako uku amsa ta zo. Hafsan ya ba mu wata Talata, ya ƙara da cewa daga ƙarshen watan za a rufe filin a yi gyara, bai san ranar buɗewa ba. Na duba kalanda. Talatar ta faɗa tsakiyar makon jarrabawar 'yan aji bakwai, ajina, yaran da na shekara ina dafawa, ga sufeto zai zo daga Kano. Duk da haka na je wurin hedimasta. Bai ma bar ni na gama ba ya ce, "Malam, hutu guda ka samu, me ka yi da shi?"

Saura hanya ɗaya, a roƙi Baba ya jira hutun gaba, ko Allah ya sa an buɗe filin. Wannan kuwa sai ta bakin Gwaggo. Na same ta tana kaɗi a inuwar ɗakinta. Na tsuguna na yi ta kewaye-kewaye: ruwa ya kusa sauka, hanyar Rogo ba ta da tabbas, ƙanena bai iya magana da hafsoshi ba, gara a bari sai kaka. Ta bar ni na gama, mazarinta na juyawa.

"Idon nasa zai jira kaka?"

Ta tsayar da mazarin ta dube ni.

"Ambulan ɗin nan mai ruwan ƙasa da ke ƙarƙashin katifarka, shi ma kaka yake jira?"

Ashe matata ce ta gan shi da ta ɗaga katifa za ta shanya, ta nuna mata. Su biyun ba mai karatun boko, amma Gwaggo ta ga hatimi, ta kuma ga fuskata duk tsawon hutun. Ita ta raine ni, ba ta buƙatar wanda zai karanta mata.

"Ban gaya masa ba, ba kuma zan gaya masa ba," ta ce. "Amma wannan saƙon ba zan kai ba. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Tashi ka kai wa ƙanenka takardu, ka nuna masa yadda zai yi."

Na kai masa. Na yini a garejin Rogo ina nuna masa wacce ce ta Zariya wacce ce ta Kaduna, har na sa wa ɗaya jan alama don kada ya musanya, yana ta dariya, ina ji kamar in kwaɗa masa sufana. Na sake zana taswirar da manyan haruffa, wannan karon ta kwalta, don yanzu ba ni da wani amfani da gargada. Na rubuta wa abokina na Zariya na ce baƙi biyu ne ba uku ba. Da na zo tafiya na ga ya kwance bencin ya jingine shi a bango, wani mai jiran gyara ma har ya zauna a kai yana cin goro. Ya ce ai tunda su biyu ne ba shi da amfani.

Litinin da hantsi suka taso. Ajina na kallon titi. Yara sun duƙufa a kan takardar lissafi, sufeto na zaune a kujerata, ni ina zagaye tsakanin layuka hannu a baya. Na san ƙarar motar nan tun daga nesa, tana da wani tari in aka sauya mata giya. Na yi niyyar ba zan duba ba. Sai ga ni a bakin taga.

Baba na gaba, cikin kaki, lambobi na ƙyalli a ƙirji, gwiwar hannu a kan ƙofa kamar wanda bai taɓa sauka daga mota ba. Yana nuna wa Kurtu wani abu a jikin sitiyari, bakinsa a buɗe da dariya. Da suka zo daidai makaranta ƙanena ya rage gudu ya danna hon sau biyu. Baba ya rufe baki, ya gyara zama, ya miƙe wuya yana kallon gabansa, kamar yadda ya kamata uba ya yi in zai wuce ta wurin ɗan farinsa. Suka wuce. Sufeto ya ce, "Malam, wani abu ne?" Na ce babu, motar gyaɗa ce.

Kwana huɗu suka yi maimakon uku. A Zariya an bar Baba ya shafa farfelar wani jirgi, ya ce irinsa ne ke jefo musu abinci a daji. A Kaduna sun same ta, mai guntun hanci, tayoyinta sun sace, ciyawa ta fito ta ƙarƙashinta. Sajen da ke gadi da ya ga lambobin ya ƙame, ya buɗe masa ƙofa. Baba ya hau ba wanda ya kama shi, ya riƙe sitiyari, hannunsa ya je kan giya bai ko duba ba, ya daɗe a haka. Da zai sauko ne ƙafarsa ta ƙi, ƙanena ya rungumo shi ya sauke, ya ce gaban kakin duk ya jiƙe da hawaye. Duk wannan a bakin ƙanena na ji. Kafin kaka idon dama ya rufe. Filin kuwa, ko an buɗe ko ba a buɗe ba, ban tambaya ba. Baba ya ƙara shekara huɗu a duniya, ban taɓa shiga mota ɗaya da shi ba.

Yanzu ni da ƙanena duk mun yi furfura. In an taru da salla jikoki suka kewaye shi, ba a daɗewa zai fara, "Ranar da na sauko da Baba daga motar nan..." Ba ya ƙari ba ya ragi, har yakan ce Yaya ne ya tsara komai. Ni dai ina jin ya ɗauko labarin nake lalubar buta in zagaya bayan gida, in daɗe. Yaran sun yanke cewa tsufa ne, Kaka ba ya iya riƙe fitsari. Na bar su a haka.